Na Ce A'a, Surukina Ya Ce To

Madam Afaf,

Don Allah ki agaza mini da shawara kafin lokaci ya ƙure. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, kuma da matata tana raye ba zan rubuto ba, don ita da harara ɗaya take warware irin wannan. Kada ki sa sunana. Mutanen cocinmu a nan Nashville suna fara karanta shafinki kafin sanarwar rasuwa, kuma ba na so in shiga ranar Lahadi a riƙa yi mini murmushi. Sunayen da za ki gani duk na sauya su, ko da yake wanda ya san mu zai gane.

Ni mutumin garin Mallawi ne, can ƙasar Larabawa. A can malamin lissafi ne ni, idan na shiga aji sai an miƙe tsaye. A nan na ƙarar da ƙarfina a ɗakin wankin wani otel, ina ninke zannuwan gadon mutanen da ba su taɓa ganin fuskata ba, har bayana ya lanƙwashe aka sallame ni da agogon hannu. Ba kuka nake yi ba, gaya miki nake don ki san da wa kike magana. 'Yata ɗaya, Yustina, tana auren wani Ba'amurke, Clayton, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Zan faɗi gaskiya, yaron kirki ne. Ya shigo cocinmu, yana yin doguwar tsayuwar nan tamu ba ya ko jingina da bango, abin da ni kaina yanzu da ƙyar nake yi. Suna da 'yan mata biyu, Irini da Marta.

Bara Clayton ya sayo wata tsohuwar mota irin mai ɗaki a ciki, da gado da murhu da banɗaki, ya ajiye ta a ƙofar gida yana shafa ta kamar doki. Ya ce, "Baba, bana a bakin teku za mu yi Kirsimeti, dukanmu." Na ce masa mu da muka baro ƙasarmu don mu samu gida mai zama wuri ɗaya, yanzu hutu shi ne mutum ya kwana a mota kamar direban tirela? Na tuna masa cewa Kirsimetinmu sai bakwai ga Janairu, kuma ina cikin azumi, ba nama, ba madara, ba ƙwai, kifi kawai aka yardar mana, shi ma ban da Laraba da Juma'a. Yustina ba ta tsaya gardama ba. Ta zo gidana ta haɗa mini jaka, ta ce, "Baba, shiga mota." Na shiga.

Tare da mu akwai uwar Clayton, Darlene, ita ma mijinta ya rasu. Matar nan ta fara magana a Nashville, ba ta sa aya ba sai da muka ga ruwa. Kowa "masoyi" ne a bakinta, ni, da mai sayar da fetur, da karen maƙwabta.

Tun ranar farko abin ya fara. Clayton ya ce, "Baba, kai ne babba, gadon baya naka ne." Na dafa ƙirji na ce, "Haba, a'a, ni ko a ƙasa ma sai in kwanta." Ke kin san yadda ake yi. A Mallawi da sai ya kama hannuna, ya rantse ba zai runtsa ba idan ban hau gadon nan ba, in ƙi, ya sake, in ƙi, sannan in karɓa ina cewa kun fi ƙarfina. Clayton ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya juya ya ba uwarsa gadon. Shi da Yustina suka buɗe doguwar kujera, yaran suka kwanta a kan teburin cin abinci da ake sauke shi ya zama gado, ni kuma aka nuna mini wata kanta a saman kan direba, wadda sai da tsani ake hawa. Rufi yana taɓa hancina. Kowace safiya sai na gaisa da shi da goshi.

Banɗakin kuwa, idan ka shiga kana son juyawa sai ka fito ka sake shiga. Na gode wa Allah da na taho da butata. Kuma duk bayan 'yan kwanaki Clayton zai sa safar hannu ya je juye tankin ƙazanta, maza su taru a kansa suna ba shi shawara kamar masu kallon ƙwallo. Mutane da gidajensu, da banɗakunansu masu tayil, sun bar su sun zo suna tattauna bututun kashi cikin nishaɗi. Ban ɓoye ra'ayina ba. Na yi mita a kan gado, na yi mita a kan kofinsu mai kama da ruwan wanke tukunya, na yi mita a kan waƙoƙin da Darlene ke sawa. Irini ta ce, "Kaka, kai ma rediyo ne, amma tasha ɗaya gare ka."

Sansanin da muka sauka a gaɓar teku a Alabama cike yake da tsofaffin da suka gudo wa dusar ƙanƙara, kowa ya naɗe motarsa da fitilu. Ranar Kirsimetinsu kowa ya kawo girkinsa babban zaure. Ashe Darlene ta bi mota mota tana gaya wa mata cewa surukinta yana azumi, ga abin da yake ci, ga abin da ba ya ci. Matan nan da ba su san ni ba suka yi girki musamman domina. Shinkafa da kayan lambu, dankali da man zaitun, har da wake mai sukari, Allah ya yafe musu. Kowacce ta zo da kwanonta ta tsaya a kaina, in dafa ƙirji in ce na gode, na ƙoshi, ita kuma ta yi murmushi ta wuce. Haka suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Ina zaune da faranti wayam, cikina yana kuka, a tsakiyar abincin da aka dafa da sunana. Darlene ta leƙo ta ce, "Masoyi, ko ba ka da lafiya ne?" Sai Yustina ta fizge farantin, ta cika shi, ta dire mini, ta ce cikin harshenmu, "Baba, nan ba Mallawi ba ce. Sau ɗaya ake tambaya. Tun ina ƙarama nake gaya maka." Waken ma na cinye shi.

To ga abin da ban gaya wa kowa ba, kuma saboda shi nake rubuto miki. Na ji daɗin tafiyar nan. Ban taɓa jin daɗin wani abu haka ba tun da na zo ƙasar nan.

Akwai wata 'yar taga a gefen kantar da nake kwana. Da sassafe ina farkawa kafin kowa, in ga teku, in ji numfashin mutanena a ƙasana, har da minsharin Darlene. A gidana idan na farka firiji kawai nake ji. Na tafi da allon tawla, darar nan tamu ta gida, na koya wa wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Michigan, Vernon. Kullum da hantsi yana zuwa in lallasa shi, ya tashi yana cewa, "Gobe zan rama, tsohon ɓarawo." Na kai yaran kamun kifi a kan gada, na soya abin da muka samu da tafarnuwa da lemon tsami, ƙanshi ya jawo layinmu gaba ɗaya. Duk wanda ya ce ya gode ya ƙoshi, na zuba masa na ƙara, don su ma su ga yadda ake karɓar baƙo. Ba wanda ya bar ko ƙaya. Da za mu dawo, yaran suna roƙon a ƙara kwana, Clayton ya ce a'a, Baba yana da coci, ya yi ta tuƙi cikin ruwan sama don kada jajiberin Kirsimetinmu ya same ni a hanya. Kin san abin da na ce masa da na sauka? Na ce na gode wa Allah da na fito daga gwangwanin nan da raina. Shi ke nan abin da na ce.

A watan Satumba, bayan coci, muna cin mulukiya, miyar lalo irin ta gida, a gidansu, Clayton ya ce, "Baba, zan kama mana wuri a sansanin bara. Kana zuwa?" Zuciyata ta yi tsalle. Bakina kuma ya ce, "A'a, ɗana, ku je ku huta. Me za ku yi da tsoho mai ciwon baya, in cinye muku wuri?" Na gyara zama ina jiran tambaya ta biyu. Ya ce, "Mun san ka sha wahala bara, Baba. Ba za mu matsa maka ba." Ya miƙa hannu ya ƙara shinkafa. Yustina ta dube ni ta daɗe, cokali a hannunta, sannan ta tashi ta shiga kicin. Darlene ta ce tunda haka ne za ta gayyaci ƙanwarta Peggy ta hau kantar. Peggy ba ta ba da amsa ba tukuna, tana jiran abin da likita zai ce game da gwiwarta, amma an ce kafin ƙarshen watan nan za a ji.

Na yi iyakar abin da mai mutunci zai yi. Na kai musu kwalbar lemon tsami da na jiƙa da gishiri, na ce don hanya. Suka gode. Na je na zagaya motar ina ƙwanƙwasa tayoyi, ina tambayar ko an duba mai. Clayton ya ce an duba. Na sayi sabuwar sandar kamun kifi na jingina ta a falona inda duk mai shigowa zai yi tuntuɓe da ita. Ya gan ta ya ce, "Kai, Baba, wannan mai kyau ce. Za ka ara mini in tafi da ita?" Na ara masa. Sandata za ta ga teku, ni ina gida. Marta ta tambaye ni wa zai soya musu kifi, na ce ubanki, muka dubi juna, don ni da ita mun san uban nata ko ruwan zafi ya ɗora sai ya ƙone.

Clayton ba na ganin laifinsa sosai, haka aka raine shi. Yustina ce ta ɓata mini rai. Jinina ce, a gidana ta girma, ta san a'ar farko ba a'a ba ce. Na buga mata waya na ce yaya shirin tafiya, ta ce, "Lafiya lau, Baba. Akwai abin da kake son faɗa?" Na ce babu. Ta ce, "To." Har na yi tunanin in je wurin Abuna, limaminmu, ya ɗan yi musu magana a kaikaice, sai na ga ina zan sa fuskata, mutane suna kai masa mutuwar aure da rashin lafiya, ni in kai masa maganar kanta a mota.

Madam Afaf, a ƙasar nan na roƙi aiki, na roƙi takarda, na roƙi a maimaita mini magana don ban ji Turancin ba. Ban yi zaton zan roƙi wurin kwana a motar 'yata ba. Idan na buɗe baki na ce ina so, za su ce to, na sani. Amma ta yaya zan gane suna so na ne ko tausayina suka ji? In yi shiru in riƙe girmana, ko yaya?

Tsoho mai jiran tambaya ta biyu,
Nashville

*

Malam,

Na yi dariya a wasiƙarka har mai share ofishinmu ta leƙo, sannan na daina, don na ga ubana a cikinta. Shi ma ya taɓa kwana da yunwa a gidan abokin aikinsa a Ohio, ya dawo yana cewa mutanen nan marowata ne.

Bari in fara da ɓangarenka, don kana da gaskiya fiye da yadda 'yarka ke nuna maka. A'ar da muke yi ba ƙarya ba ce kuma ba wasa ba ce. Hanya ce ta ba mai gida dama ya nuna cewa da zuciya ɗaya ya yi tayin, kuma mu tabbatar ba mu zama kaya a wuyan kowa ba. Mutumin da ya girma a haka, idan aka karɓi a'arsa ta farko, ji yake kamar an rufe masa ƙofa. Wannan zafin na gaske ne. Kuma Yustina ta san komai, da ta ga dama da kalma ɗaya ta gama maganar a kan teburin nan.

Amma dubi abin ta idon Clayton. Ya ɗauki surukinsa tafiya, surukin ya yi mita daga tashi har sauka, ya kira motarsa gwangwani, ya gode wa Allah da ya tsira. Bayan watanni ya sake gayyatarsa duk da haka. Ka lura da wannan, Malam. Mutumin da ba ya son ka, bayan abin da ka yi masa bara, ba zai tambaya ba ko sau ɗaya. Da ka ce a'a ya yarda, don a wurinsu girmama babba shi ne a ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Kai kana jira ya matsa maka don ka san yana son ka, shi kuma ya ƙi matsa maka don yana son ka. Kana tambayar yadda za ka bambance so da tausayi. Mai tausayi ba ya tuƙi cikin ruwan sama don ka samu coci, kuma ba ya bin motocin baƙi yana koya musu dokokin azumin da ba nasa ba. Amsar tana cikin wasiƙarka, da hannunka ka rubuta ta.

Yustina kuwa, ina jin ta gaji ne. Tun tana ƙarama take tsaye tsakaninka da ƙasar nan, tana fassara maka su, tana fassara musu kai. Bara ita ta haɗa maka jaka, ita ta cika maka faranti, kai kuma ka samu abin da kake so ba tare da ka amsa cewa kana so ba, har da ribar mita a kai. Bana ta ajiye cokalin. Da ta ce maka akwai abin da kake son faɗa, ai tambaya ta biyu ke nan. Ta yi ta, ka mayar.

Ga abin da zan ce ka yi, kuma a makon nan, kafin likitan Peggy ya yi magana. Bar Abuna ya huta. Kada ka bi ta kan Yustina, kada ka aiki jikoki, kada ka ƙara kai kwalbar komai. Je ka sami Clayton shi kaɗai, a wurin motarsa ya fi, ka gaya masa abin da ka gaya mini: cewa ka ji daɗin tafiyar bara fiye da komai tun zuwanka ƙasar nan, cewa a'ar da ka yi ta al'ada ce, kuma kana son zuwa. Fara da na farkon. Yaron nan shekara guda yana ɗauke da tunanin ya azabtar da uban matarsa, ya cancanci a sauke masa. Wannan ba roƙo ba ne irin na ofishin takardu. Kyauta ce kake kai masa.

Idan ka tarar Peggy ta riga ta amsa, kada ka bari a janye mata gayyata saboda kai, don hakan zai ɓata tafiyar ga kowa. Mace mai ciwon gwiwa dai ba za ta hau tsani ba, dole a sake rabon wurin kwana, kuma sansanonin nan da yawa suna da ƙananan ɗakunan haya ko filin kafa tanti. Bar wa Clayton wannan lissafin, irin aikin da yake so ne. In kuma bana ta ƙi, ka riga ka kama wurin baɗi da bakinka, ba wanda zai sake ba da shi.

Sannan ku yi sulhu a kan al'ada, kowa ya matso. Ka bayyana masa yadda muke yi, ka ce idan ya yi maka tayi ka ƙi, ya ƙara tambaya sau ɗaya saboda furfurarka. Kai kuma ka yi alkawari cewa amsarka ta biyu ita ce gaskiya. Idan an sake yi maka tayin gado na ƙasa, karɓa, bayanka ba na yaro ba ne. Mita ban hana ka ba, na ga ita ce motsa jikinka, amma duk ranar da ka yi ta, ka faɗi abu ɗaya da ya yi maka daɗi, da ƙarfi, inda za a ji. Kuma ka nemi Yustina ka ce mata ta huta, daga yau kai za ka riƙa faɗin naka.

Girman da kake tsoron zubarwa ba zai zube don ka ce kana son zama da 'ya'yanka ba. Idan ka yi shiru, za ka riƙe shi kai kaɗai a falo, su kuma su tafi suna zaton sun kyauta maka. Kai kana jiran a tambaye ka sau uku. Su sau ɗaya kawai suke jiran su ji ka ce ka ji daɗi.

Allah ya karɓi azuminka, ya sassauta maka bayan, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Barka da Kirsimeti tun yanzu, tasu da taka.

Afaf